Layin dogo yana gina gari da gaske? Abin da ya faru da Hallsberg a ƙasar Suwidin

Tun da aka fara aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ake ta ja-in-ja iri biyu a Facebook da teburan mai shayi. Wasu na cewa ɓarnar kuɗi ce kawai, wai me za a je a ɗauko a daji da za a ci bashi saboda shi, wasu kuma har sun fara lissafin filaye don a ganinsu duk ƙauyen da dogo ya ratsa to kakarsa ta yanke saƙa, nan da shekara goma ya zama birni. To jirgin ƙasa yana gina gari da gaske, ko kuwa gari ne ke jawo jirgi? In kuma yana ginawa, wane irin gari yake ginawa, tunda dai ba duka ba ne?

Akwai ƙasar da ta yi wannan gwajin da gangan sama da shekara 160 da suka wuce, ta shimfiɗa manyan layukanta ta cikin daji da gonaki tana kauce wa tsofaffin birane, wato Suwidin. A cikin garuruwan da aka samu ta wannan hanya akwai wani ƙarami mai suna Hallsberg, a lardin Närke, kimanin kilomita 200 yamma da Stockholm. Mutanen cikinsa ba su wuce wajen 8,000 ba, amma kusan duk taragon kaya da ke yawo a tsakanin arewa da kudancin ƙasar ya san hanyarsa. Labarin garin nan yana ƙaryata ɓangarorin biyu a lokaci guda.

Me ya sa Suwidin ta bi ta daji da layinta

Suwidin ta makara a harkar jirgin ƙasa. Lokacin da Ingila ta riga ta cika da dogo, su suna ta gardama ne a majalisa, ƙasa ce ta manoma talakawa masu kimanin miliyan 3.5 a 1850, ga faɗi ga sanyi. Abin da suka dogara da shi shi ne ruwa, har sun kashe maƙudan kuɗi sun haƙa hanyar ruwa ta Göta wadda aka gama a 1832 don jiragen ruwa su ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma, sai dai matsalar ita ce in sanyi ya shigo ruwan daskarewa yake yi, komai ya tsaya cak na watanni.

A 1854 majalisa ta yanke hukuncin da ya tsara komai: gwamnati ce za ta gina manyan layuka da kuɗinta kuma ta mallake su, su kuma kamfanoni da garuruwa in suna so su gina ƙananan rassa su haɗe da su. Aka damƙa aikin a hannun wani injiniya mai suna Nils Ericson, wanda a da ma harkar haƙa hanyoyin ruwa ya sani, kuma yayan John Ericsson ne, wanda ya ƙera jirgin yaƙin nan Monitor a Amurka. An ba shi iko mai yawa sosai, irin wanda yau da wuya a ba mutum ɗaya, shi kuma ya yi amfani da shi yadda ya ga dama.

Da ya fito da taswirarsa sai hayaniya ta tashi. Layukan sun yi nesa da gaɓar teku, sun kauce wa manyan tafkuna, sun tsallake birane masu tarihi, har masu suka suka riƙa yi masa ba'a cewa mutumin nan tsoron ruwa da tsoron birni yake yi. Amma yana da dalilansa. Na farko tsaro: Suwidin ta rasa Finland a hannun Rasha a 1809, kuma a daidai shekarun da ake wannan shawara ana yaƙin Kirimiya, jiragen yaƙin Ingila da Faransa suna sintiri a tekun Baltik, kowa ya gani da idonsa cewa dogon da ke bakin teku igwa ɗaya daga jirgin ruwa ta ishe shi. Na biyu, garuruwan bakin ruwa sun riga suna da jiragen ruwa, me ya sa za a kai musu dogo ya yi gasa da abin da ke aiki? Na uku kuma, wanda ya fi shafar zancenmu, shi yana ganin aikin dogo ne ya buɗe wuraren da babu kowa, ba ya bi inda kasuwa ta riga ta ci ba. Ga kuma miƙaƙƙiyar hanya da ta fi arha da sauri.

Ranar 1 ga Disamba 1856 aka buɗe guntaye biyu na farko na gwamnati, Göteborg zuwa Jonsered da Malmö zuwa Lund. A Nuwamba 1862 layin yamma ya haɗe Stockholm da Göteborg, tafiyar da a da take cin kwanaki ta koma awa 14. Faɗin dogon milimita 1,435 ne, irin dai wanda aka shimfiɗa tsakanin Abuja da Kaduna, ba irin tsohon namu mai 1,067 ba.

Da bashi aka yi, kuma an yi rigima a kai

Duk wanda yake tunanin Turawa da kuɗin aljihunsu suka gina komai to ya sake dubawa. Suwidin ba ta da kuɗin wannan aiki, waje ta fita ta ranto, daga Jamus da farko, daga baya Ingila da Faransa. Ministan kuɗinsu na lokacin, Johan August Gripenstedt, ya tsaya a majalisa a 1857 yana zayyana irin arzikin da ƙasar za ta samu in aka ci bashin, 'yan adawa kuwa suka ce zanen furanni kawai yake musu, wato daɗin baki. Da yawa daga cikin manoma da ke majalisar suna tsoron a jefa jikokinsu cikin bashi saboda abin da ba su taɓa gani ba.

Tarihi ya ba Gripenstedt gaskiya, amma a lura da wani abu kafin a ɗauki wannan a matsayin lasisin cin kowane bashi. Ƙasar tana da abin ɗorawa a kan taragon: katako, baƙin ƙarfe, hatsi, daga baya takarda, kuma Ingila na jiran ta saya. Bashin ya biya kansa ne saboda akwai kaya, ba don dogo yana da wani sihiri ba.

Yadda fili ya koma mahaɗa

A nan ne mutane suka fi ruɗewa, don akwai abubuwa uku da ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Akwai garin da dogo ya ratsa kawai, jirgi ya wuce da ƙararsa ya bar yara suna ɗaga hannu, wannan ba ya samun komai sai ƙura da asarar gona. Akwai garin da ke da tasha, jirgi na tsayawa minti biyu ko uku a sauke a ɗauka, wannan yana samun ɗan abin da ya samu. Sannan akwai mahaɗa, inda layi biyu ko fiye suka gamu, dole fasinja ya sauka ya jira wani jirgin, dole a kwance tarago daga wannan a ɗaura wa wancan. Garuruwan da dogo ya gina daga babu, kusan duk irin na ƙarshen nan ne, wato mahaɗa.

Hallsberg ta zama mahaɗa ne saboda an tsallake wani. Babban birnin yankin shi ne Örebro, tsohon gari mai fada da kasuwa, har ma yana da nasa ɗan layin na kamfani da ke zuwa Nora tun 1856. An yi ta ja a kan ko layin yamma zai bi ta arewacin tafkin Mälaren ko ta kudu, aka ƙare a kudu, sai ya wuce Örebro da tazarar kimanin kilomita 25. Don kada a bar birnin haka aka ja masa reshe, kuma wurin da reshen ya rabu da babban layi wani fili ne na gonaki. Ko sunan ma aro ne, ainihin ƙauyen Hallsberg da tsohuwar cocinsa suna can gefe da 'yan kilomitoci, tashar ce ta ɗauki sunan ta tafi da shi, har yau in an ce Hallsberg garin tasha ake nufi.

Daga 1862 abubuwa suka fara taruwa. Jirgin wancan zamanin mai tururi ne, yana shan ruwa yana cin kwal, kan jirgi ba ya iya yin doguwar tafiya ba a canza shi ko an duba shi ba, direbobi da masu zuba kwal su ma sai an canza su, saboda haka dole a samu rumfar ajiye kawunan jirgi da wurin gyara da gidajen ma'aikata. Fasinja kuma da ya taso daga Stockholm da asuba yunwa na cinsa kafin ya iso tsakiyar hanya, ga shi babu taragon abinci a lokacin, sai jirgi ya tsaya a sauka a ci a gidan abincin tasha a gurguje. Daga nan sai otal, sai mai burodi, sai mai ɗinki, sai mai sayar da kayan gona da ya gano cewa manoman Närke yanzu za su iya tura hatsinsu har Göteborg.

A 1871 aka gama layin da ya rabu a Laxå, can gaba kaɗan ta yamma, ya nufi iyakar Norway, sai jiragen da ke zuwa babban birnin Norway su ma suka riƙa bi ta Hallsberg. A 1873 aka buɗe wani layin ta kudu zuwa Motala da Mjölby. Yanzu hanya ta zama huɗu, gabas, yamma, arewa, kudu. Kuma a waɗannan shekarun ne, musamman bayan yunwar 1867 zuwa 1869, 'yan ƙasar suka fara tururuwa zuwa Amurka, sama da miliyan ɗaya suka tafi a cikin 'yan gomman shekaru, akasarinsu ta tashar jiragen ruwa ta Göteborg, da yawa kuwa ta wannan layin suka bi. Wato dogon da aka gina don ya raya ƙauyuka shi ne kuma ya sauƙaƙa wa matasan ƙauyen gudu, abin da masu lissafin filaye ba sa sakawa a lissafinsu ke nan.

Har agogo sai da dogo ya canza

Kafin jirgi kowane gari da lokacinsa yake bi gwargwadon rana, tsakanin Stockholm da Göteborg akwai bambancin minti 24. Da keken doki wannan ba komai ba ne, amma da jadawalin jirgi a kan layi ɗaya tilo rikici ne. Hukumar jirgin ta zaɓi lokacin Göteborg, na can yamma, don wanda ya zo da agogon garinsu ya iso da wuri maimakon ya tarar jirgi ya tashi, wasu tashoshin har hannun minti biyu agogonsu ke da shi, ɗaya na gari ɗaya na jirgi. Sai a ranar 1 ga Janairu 1879 aka sa wa ƙasar duka lokaci guda.

Abin da ake zuwa gani a garin

Gaskiya Hallsberg ba garin yawon buɗe ido ba ne, babu fada babu ganuwa, kuma tsarinsa ma yana gaya maka wane ne mai gida: dogo ya raba shi biyu, babban titin kasuwa yana kwance a jikin layin, komai yana fuskantar tasha. Ita tashar tsohon gini ce daga zamanin da Adolf Edelsvärd ke shugabantar zanen gine-ginen hukumar jirgin ƙasa, mutumin da ya shafe shekara 40 a wannan kujera daga 1855 zuwa 1895, shi ya zana manyan tashoshin Stockholm da Göteborg, shi ya sa tashoshin wancan zamani a Suwidin suke kama da 'yan gida ɗaya. Cocin cikin garin kuwa, Adventskyrkan, sai a shekarun 1940 aka gina ta, ka ga ke nan garin ya yi shekara kusan 80 yana da tasha da otal kafin ya samu irin wannan cocin a tsakiyarsa, abin da ya saɓa wa yadda tsofaffin garuruwansu suka tashi a gindin coci.

Ginin da ya fi kowanne labari shi ne gidan Bergöö. Adolf Bergöö ɗan kasuwa ne da ya taso daga Örebro da iyalinsa a 1862, shekarar da jirgi ya iso, ya gane tun da wuri inda kasuwa za ta koma, ya buɗe harkarsa a bakin tasha ya kuma yi arziki. A ƙarshen shekarun 1880 ya gina katafaren gida na bulo wanda Ferdinand Boberg ya zana, a lokacin yana matashi, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu zanen gini na ƙasar. 'Yar Bergöö, Karin, wadda ta girma a Hallsberg, ta karanci zane, ta haɗu da wani mai zane Carl Larsson a Faransa suka yi aure a 1883, shi surukin ne ya zana bangon babban zauren gidan, kuma zanen yana nan har yanzu ana zuwa kallo.

Ga inda abin ya ba ni sha'awa. A 1888 Bergöö ya ba wa 'yarsa da mijinta kyautar wani ɗan gida a ƙauyen Sundborn a lardin Dalarna. Karin ta ƙawata shi da saƙarta da kujerun da ta tsara da launuka masu haske, Carl ya riƙa zana ɗakunan, hotunan suka bazu a Turai, har ya zama abin da duniya ke kira salon gidan Suwidin, wanda ake yawan cewa kamfanin kayan ɗaki na IKEA ma daga nan ya sha. To asalin kuɗin da ya kawo wannan gida hannunsu, kuɗin ɗan kasuwar bakin tasha ne a garin da shekara 30 kafin nan gona ce.

Filin rarraba taragai, ainihin sana'ar garin

Abin da ya riƙe Hallsberg har yau ba fasinja ba ne, kaya ne. A yammacin tashar akwai filin rarraba taragai mafi girma a duk ƙasashen arewacin Turai, kuma ya kamata a fahimci me ake yi a irin wannan wuri don shi ne bambancin mahaɗa da tasha.

Ba kowane kamfani ne ke da kayan da za su cika jirgi guda ba. Masana'antar takarda a arewa tana da tarago biyar da za su Jamus, masana'antar ƙarfe a yankin Bergslagen tana da uku da za su tashar ruwan Göteborg, wani yana da biyu da za su Malmö. Sai a haɗo su duka a jirgi ɗaya a kawo Hallsberg, kamar dai yadda ƙananan motoci ke kwaso fasinjan ƙauyuka su zube su a babbar tasha, 'yan kamasho su raba kowa ya shiga motar garinsu. A filin akwai wani ɗan tudu da aka gina da gangan, sai kan jirgi ya turo jerin taragan a hankali zuwa samansa, ma'aikaci ya kwance su, kowane tarago ya gangaro da nauyin kansa ba tare da inji ba, kwamfuta tana karkata dogon a gabansa ta aika shi ɗaya daga cikin layuka 32 da ke ƙasa, kowane layi da inda zai nufa. A jikin dogon akwai birki da ke matse ƙafafun taragon gwargwadon nauyinsa da gudunsa don kada ya je ya daki na gabansa da ƙarfi. In layi ya cika sai a ɗaure su, a gwada birki, a kawo kan jirgi, sabon jirgi ya tashi. Haka ake yi dare da rana, cikin ƙanƙara ma.

Wannan ne ya jawo sauran. Gidan wayar ƙasar, PostNord, ya buɗe babbar cibiyar tace wasiƙu a nan a 2013, kamfanin Ahlsell mai sayar da kayan lantarki da na famfo a nan babban sitonsa yake, Volvo na da masana'antar da ke ƙera ɗakin direba na manyan motocin aikin gini, ga kuma wurin sauke kwantena daga jirgi zuwa tirela. Babu ɗayansu da ya zo don kyan gari, sun zo ne saboda daga nan ana iya kaiwa Stockholm da Göteborg da Oslo cikin 'yan awanni.

To me ya hana ta zama birni

Ga tambayar da masu cewa dogo na mayar da ƙauye birni ya kamata su tsaya a kanta. Hallsberg tana kan layi mafi muhimmanci a ƙasar tun 1862, tana da hanya huɗu, amma matsayin da ta kai shi ne na garin kasuwa a 1908, ba ta taɓa samun matsayin birni ba har aka soke wannan bambancin a 1971. Yau ƙaramar hukumar gaba ɗaya kimanin mutum 16,000 ce. Alhali 'yan'uwanta da aka haifa ta hanya ɗaya sun wuce ta: Nässjö da Hässleholm sun zama birane a 1914, Katrineholm a 1917.

A ganina babban dalili maƙwabtaka ce. Nässjö tana can saman tuddan Småland, layuka shida suka haɗu a cikinta, ga daji ga katako, sai masana'antun kujeru da kayan ɗaki suka tsiro, ta shanye tsohon garin Eksjö da babban layi ya tsallake. Ita kuwa Hallsberg tana zaune ne a inuwar Örebro, kuma reshen nan da ya haife ta shi ne ya hana ta girma, tunda ya ba Örebro duk abin da take buƙata. Gwamna yana can, babban asibiti yana can, jami'a daga baya can aka yi ta, yau Örebro ta haura mutum 120,000. Ko Kumla da ke tsakaninsu, da sana'ar takalmi ta tashi ta zama birni a 1942. Hallsberg ta samu aikin dogo, amma ofis da jari da makaranta suna wani wuri.

Wasu masana tarihin tattalin arziki biyu na jami'ar Lund, Thor Berger da Kerstin Enflo, sun bi diddigin garuruwan Suwidin na tsawon shekara 150 don su ga tasirin layukan farko. Abin da suka gano yana da daɗi da ɗaci. Garuruwan da suka samu dogo a zagayen farko sun girma sosai fiye da sauran kuma tazarar ba ta rufe ba har yau, waɗanda aka kai wa dogo daga baya ba su kamo su ba. Amma kaso mai yawa na wannan girma ƙaura ce, mutane da sana'o'i ne suka taso daga garuruwan kusa da ba su samu ba. Ma'ana in ka ga garin tasha yana cika, to duba gefe, akwai kasuwar da ke mutuwa. Ga talaka wannan ba ƙaramin zance ba ne, don mai shago a garin da aka tsallake da kilomita 20 zai iya fin kowa asara, shi da ko ƙarar jirgin ba ya ji.

Lokacin da jirgi ya rage buƙatar mutane

Abin da ya tara jama'a a mahaɗa tun farko shi ne raunin jirgin da kansa, yana buƙatar ruwa da kwal da hutu. Kowane ci gaba da aka samu sai ya ɗauke wani abu daga bakin garin. Aka sa taragon abinci, tsayawar cin abinci ta tafi. Suwidin ba ta da kwal na kirki, daga Ingila take saye, yaƙin duniya na farko ya nuna mata haɗarin haka, ga ta kuma da koguna masu ba da lantarki, sai ta mayar da layin Stockholm zuwa Göteborg na lantarki a 1926, kan jirgi ɗaya ya riƙa yin tafiyar gaba ɗaya ba canji. Bayan yaƙi na biyu mota da tirela suka cinye ƙananan rassa, aka rufe da yawa. A 1990 aka kawo jirgi mai sauri X 2000 wanda ke yin tafiyar a wajen awa uku, kuma ba kowanne ne ke tsayawa a Hallsberg ba.

Tsarin mallaka ma ya canza. A 1988 Suwidin ta raba dogo da jirgi, hukuma ɗaya ta riƙe layi da gyaransa, wata ta riƙe tuƙa jirage, ita ce ta fara yin haka a Turai kafin sauran su biyo. A 2001 aka sake farfasa tsohuwar hukumar, fasinja ya koma kamfanin SJ, kaya ya koma Green Cargo, gine-ginen tashoshi suka koma Jernhusen, daga 2010 kuma hukumar Trafikverket ke kula da dogo da tituna tare, aka kuma buɗe wa kamfanoni masu zaman kansu ƙofa. Masu goyon baya na cewa jirage sun ƙaru, fasinja ya ƙaru, farashi ya samu gasa. Masu suka, musamman ƙungiyoyin ma'aikata, na cewa gyaran dogo ya koma hannun 'yan kwangila barkatai, in jirgi ya makale a ƙanƙara kowa sai ya nuna wani. Ga gari irin Hallsberg abin da ya canza shi ne babu sauran uban gida ɗaya da ke ɗaukar uba ya ɗauki ɗa ya ba su gida.

Duk da haka garin bai mutu ba, kuma dalilin a fili yake: jirgin bai taɓa daina zuwa ba. Mu mun san ɗaya fuskar, Kafanchan ma mahaɗa ce da dogo ya raya tun ƙarshen shekarun 1920, ta tara ma'aikata daga ko'ina a Najeriya, Nguru da Ƙauran Namoda kuma ƙarshen layi ne da gyaɗa da fatu suka cika, amma da jiragen suka tsaya sai tashoshin suka koma kufai, garuruwan suka nemi wata hanyar ci. Bambancin ba a shimfiɗa dogon yake ba, a shekara ɗari na gyara da jadawalin da ake cikawa yake.

Rigimar da ake yi yanzu

Matsalar Hallsberg ta yau cunkoso ce. Layin yamma dogo biyu ne kacal, a kansa jirgi mai gudun kilomita 200 a awa yake bi, a kansa na kaya mai rabin wannan gudun yake bi, ga na yankuna masu tsayawa a kowace tasha, in ɗaya ya makara sai ya ja sauran. Layin kudu zuwa Mjölby kuwa an daɗe ana aikin mayar da shi dogo biyu gaba ɗaya, kuma guntun da ya fi wuya shi ne na kusa da Hallsberg ɗin, tsakaninta da Degerön, inda jiragen kaya ke jiran juna.

An shafe shekaru ana shirin gina sababbin layuka na jirage masu tsananin gudu daga Stockholm zuwa Göteborg da Malmö ta Linköping da Jönköping, hanyar da ba za ta bi ta Hallsberg ba sam. Masu so sun ce hakan zai kwashe jiragen sauri daga tsohon layi ya bar wa kaya da jiragen yankuna fili, wanda ga garin da kaya ne abincinsa riba ce ko da fasinjan Stockholm ya daina ganin sunansa ta taga. Masu ƙi sun ce kuɗin ya yi yawa, gara a gyara wanda ake da shi tukuna. A Disamba 2022 gwamnatin Ulf Kristersson ta dakatar da shirin babban ɓangaren, ta bar wasu guntaye kamar na Järna zuwa Linköping, ta ce gyara za a sa a gaba. Akwai kuma masu neman a ja sababbin layuka, ciki har da na kai tsaye daga Örebro zuwa Kristinehamn, don rage tafiyar Stockholm zuwa Oslo ta koma ƙasa da awa uku, in hakan ta tabbata jiragen Norway da suke bi ta Hallsberg tun 1871 za su koma bi ta Örebro.